Askin da Bahago Bai Ƙarasa Ba

A unguwarmu ta Kusfa, in kana son ganin Bahago wanzami ya ɗaure fuska, ba sai ka zage shi ba. Bari ya shimfiɗa buzunsa, ya jiƙa maka kai, ya wasa askarsa a jikin fata, sannan ka ce masa a hankali, "Wanzam, ni fa duka nake so, ba rabi ba." Tsofaffi na yi masa, samari na yi masa, har matan aure in ya shiga gida askin suna sai wata ta jefo masa daga cikin ɗaki.

Abin ya faru ne a shekarar Udoji, lokacin da kuɗi ya faɗo wa ma'aikatan gwamnati, kowane akawu yana neman babbar riga ɗinkin hannu ko da bai iya saɓa ta ba. Ran nan da hantsi aka kira Bahago gidan Alhaji Jibril, wani dillalin riguna a Ƙofar Galadima, don ya yi wa baƙonsa aski. Ya fara daga kunnen dama, ya kai tsakiyar kai, gefe guda ya fito tas yana ƙyalli, ɗaya gefen kuma gashi cunkus. Sai ya naɗe askarsa, ya jefa cikin zabira, ya ce, "Ina zuwa." Bai zo ba. Baƙo ya zauna a zaure da rabin kai har sabulu ya bushe masa, aka kira azahar, ya ja hula ya rufe abin kunya.

Waɗanda suka ga Bahago a hanya sun rantse gudu yake yi. Wannan ya fi rabin askin ba mutane mamaki, domin Bahago mutum ne da ko ruwan sama ya tsuge ba ya ƙara sauri, sai dai ya cusa zabirarsa cikin riga ya ci gaba da taku ɗai-ɗai.

Ni ma ina yin dariya in an tsokane shi, amma gidanmu muna sa shi a addu'a. Wannan rabin askin shi ne sanadin da ya sa yayana Ƙasimu yake raye har yau.

Bahago wanzamin gidanmu ne, gado ya yi. Ubansa ya aske ubanmu, shi ma ya yi wa 'ya'yanmu askin suna, ya cire musu beli, ya yi wa mazan kaciya. Sunansa na yanka ya ɓace tun yana yaro, saboda ubansa ya gaji da buge masa hannun hagu ya ƙyale shi ya riƙe aska yadda Allah ya yi shi. Ba shi da yawan magana sai in ka taɓo masa tantabarunsa, ko ka yabi masu askin zamani na Tudun Wada da Sabon Gari, waɗanda yake cewa madubi suke sayarwa ba aski ba. Matarsa Hajo takan ce ta fi jin labarin gari a bakin mai tallan mai da a bakin mijinta, alhali ba gidan da ba ya shiga.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, da ƙuruciyarsa ya yi cirani a wani gari can nesa, inda ya sami aikin aske fursunoni a gidan yari. A can ya haɗu da Seth, wani ganduroba mutumin Wusasa, wanda ake sawa ya tsaya a kansa in zai shiga da aska ɗakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Zazzagawa biyu a garin da ba nasu ba, sai suka zama aminai, wannan ya yi salla wancan ya jira shi, ran Lahadi wancan ya tafi coci wannan ya ajiye masa tuwonsa.

Cikin mutanen ɗakin akwai wani mai masauki. Gidansa a bakin hanyar fatake yake, yakan sauki matafiyin da yamma ta yi masa shi kaɗai, ya ba shi tuwo, ya ba jakinsa dusa. An daɗe ana yabonsa kafin a leƙa tsohuwar rijiyar bayan gidansa. Bahago ya ce ranar da zai fara aske shi ya zaci zai tarar da ƙato mai jajayen idanu. Sai ya tarar da ɗan siririn mutum mai tsabta, ya ninke bargonsa daidai, ya tashi ya gaishe shi, har ya tambayi lafiyar iyayensa.

"Ka san wani abu da sai wanzami ya sani?" in ji Bahago lokacin da yake ba ni labarin. "Duk ɗan Adam, in aska ta sauko ƙarƙashin haɓarsa, sai ya haɗiye miyau. Maganar da yake yi sai ta tsaya. Malami, mahauci, ɗan dambe, duk ɗaya. Har waɗanda suka yi kisa cikin fushi na aske, wasu kuka suke yi mini. Wannan bawan Allah kuwa hirarsa kawai yake yi, ya karkato ido yana kallon askar kamar yana taya ta."

Wata rana ma mutumin ya ce masa, "Wanzam, kai ma kana jin daɗin nan ko? Mutum ya zo da ƙafarsa ya miƙo maka wuya."

Bahago ya tambayi Seth ko don dukiya mutumin yake yi. Seth ya ce an tarar da yawancin kayan matafiyan jibge a ɗaki, gara ta cinye, bai ko sayar ba. Ƙuruciya ta sa Bahago ya tambayi mutumin da kansa me suka yi masa. Ya yi dariya, ya ce ba su yi masa komai ba, ai su suka zo. Ya ce shi ba kowa yake taɓawa ba. A kan akushin tuwo yake tambayar baƙo wa ya bari a gida, wa ya san ya biyo wannan hanya, yaushe ake sa ran komawarsa. In amsar ta yi masa daɗi, shi ke nan. Abin da ya fi so, in ji shi, shi ne lokacin da mutum ya gane, fuskarsa ta canja. Bai taɓa kiran ɗayansu da suna ba, sai dai "mai jan jakin nan" ko "dogon nan". In limamin gidan yari ya zo, hawaye har gemu, liman na juya baya ya share ya tambayi ko an kawo kunu. Abu guda Bahago ya ga ya fusata shi ƙwarai, ranar da wani ganduroba ya taka masa bargo. Ya yi ta maganar har aka zo aka tafi da shi.

Bahago ya dawo gida, ya auri Hajo, ya sayi tantabaru, bai gaya wa kowa wannan ba.

To, baƙon Alhaji Jibril, wanda ya ce sunansa Malam Ya'u, ya kwana biyu a birni kafin ranar askin, kuma ba wanda bai so shi ba. Sahun gaba yake salla. Yakan raba wa tsofaffi goro, ya je dubiya gidan da bai san kowa ba. Cikin duk masu harkar riguna kuwa ba wanda ya shaƙu da shi kamar Yaya Ƙasimu.

Yayana mutum ne shiru-shiru, matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai sake aure ba. Yakan ba maɗinka aiki, in riguna sun taru ya ɗaure ya shiga mota, sai ya yi wata da watanni ba aike ba saƙo. Mun saba. In an tambaye mu ina Ƙasimu, sai mu ce yana inda kasuwa take. Da ya tafi bai dawo ba, wallahi sai damina ta zo ta wuce kafin ɗayanmu ya fara damuwa, kuma ba za mu san gabas za mu nufa ko yamma ba.

Da sassafen ranar, Bahago ya zo gidanmu ya aske shi, ya ga ƙunshin riguna a ɗaure a lungun zaure. Mutum ba ya ɓoye wa wanzaminsa magana, sai Yaya ya raɗa masa cewa bayan azahar zai bi wani aboki zuwa wani gari da ma'aikata ke rububin riga, amma abokin ya ce kada a gaya wa kowa, ko Alhaji Jibril, don kada dillalai su bi su su ɓata kasuwa. Bahago ya yi masa fatan alheri ya wuce Ƙofar Galadima.

Yana cikin aske baƙon, sai baƙon ya ce, "An ce kai ne wanzamin gidan su Malam Ƙasimu."

"Ni ne."

"Bawan Allah, tausayi yake ba ni. Ba mata, ba ɗa. In ya yi tafiya haka, wa ke duba masa ɗaki?"

"Ɗaki ai ba ya gudu," in ji Bahago.

"Haka ne. Yakan daɗe in ya fita? 'Yan'uwa ba sa ɗaga hankali?"

Bahago ya ce a nan ya tuna da tambayoyin mai masaukin nan. Ya bar kan a tsakiya, ya ɗaga haɓar mutumin kamar zai gyara masa ƙasan gemu, ya ɗora askar a maƙogwaro ya ɗan dakata. Mutumin bai haɗiye miyau ba. Maganarsa ba ta tsaya ba. Ya sauko da ido kan askar yana murmushi, ya ce, "Akwai kaifi, Wanzam. Kai dai mutane sun yarda da kai."

A nan ne Bahago ya ce yana zuwa.

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi kwarmata magana a take. Ya ce, "In ce me? In je gaban mai unguwa in ce baƙon Alhaji Jibril ba ya haɗiye miyau? Da rubutu za a fara ba ni." Gaskiyarsa ne. A birnin nan ba a yi wa baƙon mutum ƙazafi, wanda ya taɓa baƙo ya taɓa mai gida. Yaya kuma in ka ce masa kada ya bi hanya, to ka sa shi a hanyar ke nan. Abu ɗaya ne ba a yi wa wanzami musu a kansa a gidanmu, shi ne jini. In ya ce mataccen jini ya taru sai an yi ƙaho, to sai an yi. Wanda aka yi wa ƙaho kuwa ba ya ɗaukar kaya, ba ya shiga rana, ba ya tafiya, sai tsagar ta bushe.

Ina zaure lokacin da ya faɗo yana haki. Yaya ya riga ya sa rigar tafiya, yana jiran a yi salla.

"Malam Ƙasimu, tuɓe."

"In tuɓe me? Wanzam, lafiyarka?"

"Tawa ƙalau, taka ce ba ta nan. Da safe na ga jijiyar ƙeyarka ta yi baƙi ƙirin, na yi shiru don kada in tsorata ka. Yanzu ina can na tuna, haka ta marigayi babanku ta yi."

"Babanmu fa tsufa ne ya kashe shi!"

"To kai ba ka son ka kai can?"

"Ka bari in na dawo."

"Jini ba ya jiran kasuwa. Kwanta."

Yaya ya miƙe zai ɗauki ƙunshinsa, Bahago ya riga shi ya zauna a kai. Hayaniya ta kai cikin gida. Iya mahaifiyarmu, wadda ba ta gani sosai amma ba abin da ke wuce kunnenta, ta dogara sandarta ta zo bakin ƙofa ta ce, "Ƙasimu, yaushe ka fara musu da wanzamin ubanka? Kwanta a yi maka." Mutum ya haura hamsin, furfura a gemu, amma haka ya tuɓe ya kwanta rubda ciki yana gunaguni.

Bahago bai bar ƙaho ko ɗaya a zabira ba. Ya tsaga, ya kafa, ya tsotsa, ya toshe, tun daga ƙeya har ƙugu. Da suka ƙare ya aika gida Hajo ta kawo na ubansa da ke rataye. Yaya ya koma kamar bushiya. Ni dai na fita waje don kada ya ga ina dariya.

Bayan azahar sai ga Malam Ya'u ya yi sallama, hula ta sauko har kunne cikin wannan zafi. Ya dubi Yaya a kwance, ya dubi ƙunshin, sannan ya dubi Bahago. Murmushin yana nan a bakinsa, amma ban taɓa ganin ido ya huce haka ba, kamar an ɗauke fitila daga ɗaki.

"Allah ya sawwaƙe," in ji shi.

"Amin," in ji Bahago, yana zaune a bakin ƙofa yana wasa aska. "Ba zai tashi nan kusa ba. Kuma duk dangi sun ji, za a yi ta zuwa dubiya."

Kafin la'asar baƙon ya bar gari, ko sallama bai yi wa mai masaukinsa ba.

Kada ka zaci an gode wa Bahago. Alhaji Jibril ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa an wulaƙanta masa baƙo har ya yi fushi ya tafi. Gidajen Ƙofar Galadima suka daina kiransa. Yaya ya ce an sa shi asarar kasuwar da ba za ta dawo ba, ya daina amsa gaisuwarsa, ya ɗauki kansa ya kai Sabon Gari aka yi masa askin zamani, ya dawo da ƙuraje a ƙeya bai gaya wa kowa ba. Hajo ta fara suyar ƙosai don a rufa asiri. Duk wanda ya tambayi Bahago me ya same shi ran nan, sai ya ce cikinsa ne ya murɗa. Ya gaya mini daga baya cewa sau da yawa yakan zauna gaban akurkin tantabarunsa yana tunani, ko dai mutumin kirki ya tozarta a banza, don kawai Allah ya yi shi marar tsoron aska.

An daɗe ana haka, har maganar ta zama abin tsokana kawai. Sai ran nan Seth ya zo hutu Wusasa, ya hau kekensa ya shigo birni neman amininsa, ya same shi a zaurenmu yana yi mini gyaran fuska. Yaya na gefe yana duba ɗinki, ya juya musu baya.

Bayan gaisuwa Seth ya ce, "Bahago, wane rashin mutunci ka yi wa wani a garin nan? Akwai mai gaishe ka a wurin aikina."

Ya ce an kawo musu wani mutum da aka kama a wani gari, bayan wani ɗan kasuwa ya kuɓuce masa a daji da sara a kafaɗa. Sunaye gare shi barkatai, kowane gari da wanda yake amsawa. Da aka bi sawunsa, an tono abin da ba ya faɗuwa. Shi da bakinsa ya riƙa nuna wurare, yana gyara wa 'yan sanda in sun yi kuskure, kamar mai nuna gonakinsa. Da ya ji Seth Bazazzagi ne, sai ya kira shi gefe ya tambaye shi ko ya san wani wanzami mai aski da hagu.

"Wallahi Bahago," in ji Seth, "mutumin nan bai taɓa kiran sunan ko ɗaya cikin waɗanda ya kashe ba. Hukuncin da aka yanke masa ma bai dame shi ba, abincinsa yake ci. Amma kullum na zo aiki sai ya yi mini mitarka. Wai ka bar shi da rabin kai kamar mahaukaci, ya shiga mota yana gumi ba halin cire hula. Wai kuma ka ɓata masa wani mai riguna da ya gama shiryawa. Yadda yake faɗa, kai ka ce akuyarsa ce ta tsinke."

Bahago ya sauke askar daga fuskata, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban zalunce shi ba."

Yaya ya tashi ya shiga ciki, muka ji yana buɗe adaka. Ya fito da rigar da ya fi ji da ita, wadda manyan mutane suka taya ya hana, ya zura wa Bahago a wuya, ya koma ya zauna yana share ido da gefen hannu. Da ya sami bakin magana sai ya ce, "Amma dai ƙahon ya yi yawa."

Alhaji Jibril ya zo da kansa ya ba da haƙuri, gidajen da suka gudu suka dawo. Iya, Allah ya jiƙanta, har ta rasu ba ta bar Bahago ya fita gidanmu ba tare da ƙwaryar fura ba. Rigar kuwa sai ranar salla yake sa ta, kuma har yanzu bai iya saɓa ta ba, hannun dama ne kullum ke jan ƙasa.

Tsokanar dai ba ta mutu ba, kuma yanzu Yaya ne shugaban masu yi. Juma'ar da ta wuce na same su a zaure, Bahago ya dafa kan Yaya yana neman inda zai sa aska, don sanƙo ya cinye tsakiyar, sai ɗan abin da ya rage a gefe.

"Wanzam," in ji Yaya, "a yi mini duka fa. Ni ba baƙon Alhaji Jibril ba ne."

Bahago ya ja tsaki, ya danna kan ƙasa.

"Sunkuya ni, Malam Ƙasimu. Kai biyu aka sa mini a gaba ran nan, hannu ɗaya gare ni mai aiki, na zaɓi wanda zan daɗe ina askewa. Da na san haka za ka yi mini, gashin ya gudu ya bar ni da shafa, wallahi da na ƙara tunani."